Rigunan Shiga Ruwa

Shagunan ɗinki biyu ne a titin da ya bi ta bayan majami'a, kuma suna kallon juna. Na hagu tsoho ne, mai ƙofar katako da keken ƙafa wanda fentinsa ya goge a daidai inda hannu ke dafawa. Na dama sabo ne, gabansa duk gilashi, a ciki akwai keken lantarki da mutum-mutumi mai tallar riguna. Mai tsohon shagon ita ake kira Yaya. Da ƙannenta ne kaɗai ke kiranta haka, har sunan ya bi ta titi, ya shiga majami'a, ya kai ga Fasto ma haka yake ce mata. Mai sabon shagon kuwa ƙanwarta ce ciki ɗaya, Auta, wadda Yaya ta yi rainonta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta koya mata riƙon almakashi tun yatsunta ba su iya buɗe shi sosai ba.

Da Auta ta buɗe nata shagon, amare da 'yan mata suka soma tsallaka titi. Aka bar wa Yaya faci da ragin ƙugu da sauya zif. Ta ga wannan, ta haɗiye, tana ce wa mutane ai abin alfahari ne a ce wadda ka koya wa ta wuce ka. Akwai gaskiya a maganar, ko da yake ba dukan gaskiyar ba ce. Abin da ya sa ta iya haɗiyewa shi ne akwai wani aiki guda da ya rage nata ita kaɗai, wato rigunan baftisma.

A wannan ikilisiya cikin ruwa ake nutsar da mutum. Akwai kwami na siminti a farfajiyar baya, mai matakala, ruwansa garau har ana ganin ƙasansa, jama'a kuma sukan kewaye shi daga sama suna waƙa. Masu karɓar baftisma sukan sa fararen riguna na ikilisiya, kuma tun Yaya tana sabuwar amarya ita ke ɗinka su. Ba ta taɓa yin aikin a shago ba. A gida take yi, ƙofa a rufe, tana ɗinki tana yi wa wanda zai sa rigar addu'a, ko da ba ta san shi ba. Ko Auta ba ta taɓa barin ta taɓa yadin ba. Ita tana kiran wannan keɓewa domin Ubangiji. Nawa ne keɓewa a ciki, nawa ne rowa, wannan sai Shi da yake binciken zukata.

Rigunan ba su da kyan gani. Farin auduga ne mai kauri, ninki biyu daga ƙirji zuwa gwiwa, ba ado ba komai, har yara kan ce buhuna ne aka huda wa wuya. Amma Yaya ta san abin da ruwa ke yi wa farin yadi. Wanda ba shi da kauri, da ya jiƙe sai ya manne a jiki ya tona duk abin da aka sa shi ya rufe. Wanda ba shi da nauyi kuma, da mutum ya soma sauka matakala sai iska ta cika shi, ƙasan rigar ya taso saman ruwa ya bar mai ita a tsiraice. Saboda haka a cikin kalmasar kowace riga takan ɗinke waɗansu ƙananan zobban tagulla, irin waɗanda makanikai ke sawa a ƙarƙashin noti, domin su ja rigar ƙasa. Mijinta ke tsinto mata su. Makanike ne, ana ce masa Baba Sifana, kuma shi ya zaɓi na tagulla domin ba sa tsatsa su ɓata fari. Ban da su biyun ba wanda ya san da zobban, gama mutane ba sa lura da abin kunyar da bai faru ba.

Wata Lahadi, bayan wa'azi, shugabar mata ta miƙe da sanarwa. Tsohuwar malamar makaranta ce, ana ce mata Malama, mace mai son tsari da kyan abu. Ta ce rigunan baftisma sun tsufa, farinsu ya koma ruwan ƙasa, an kuma shirya a yi sababbi kafin baftisma mai zuwa. Ta ce 'yarmu Auta ce za ta ɗinka, domin Yaya ta huta, ta yi wa ikilisiya hidima mai tsawo. Jama'a suka yi tafi. Yaya ma ta tafa, tana murmushi, tana jin kamar an zare mata kujera tana shirin zama. Da aka tashi, Malama ta miƙo mata ƙunshin tsofaffin rigunan, ta ce a ajiye a wurinta don tunawa. Yaya ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta ɗauko ƙunshin zuwa gida kamar mai dawowa da kayan mamaci.

Ba ta ci abincin rana ba. Baba Sifana ya dubi kwanonta, ya dube ta, ya tambaya ko azumi ta soma ba ta sanar da shi ba, domin ya san ko zai taya ta da cinye nata rabon. Ta ce kanta ke ciwo. Ya ce ai lallai, ciwon kan da ke kama mutum daidai lokacin sanarwa yana da wuyar magani. Ta tashi ta bar masa ɗakin.

Cikin makon Auta ta tsallako titi da bandir ɗin yadi a kafaɗa, fuskarta cike da murna. Ta durƙusa ta gaishe da yayarta kamar yadda ta saba, ta ce ba ita ta nemi aikin ba, Malama ce ta same ta da shi, ita kuma ta ji nauyin cewa a'a. Sa'an nan ta warware yadin a kan teburin yanka. Fari ne fat, mai sheƙi, mai laushi, yana zubowa daga hannu kamar madara. Ta ce ta zaga kantuna da yawa kafin ta same shi, tana so wanda ya sa shi ya ji lallai yau ranarsa ce.

Yaya ta murza gefen yadin tsakanin yatsu biyu. Ba ta bukaci ta jiƙa shi ba. Tun kafin ta sake shi ta riga ta ga yadda zai zama a cikin kwami.

"Yaya, me kika gani?" in ji Auta.

"Yana da kyau," in ji Yaya.

Kalmomin gaskiya ne. Yadin yana da kyau, ba mai musun haka. Wannan ne ma ya sa suka fita daga bakinta da sauƙi, suka kuma bar ta da abin kare kai. Magabci ba kasafai yake zuwa wa mai ibada da ƙarya tsirara ba, gama ya san za a gane shi daga nesa. Yakan zo ne da gaskiya guntuwa, ya ce a faɗi wannan a yi shiru a kan sauran. Auta ta yi godiya, ta yanke ƙyalle kaɗan ta bar mata, wai ko za ta so ta gwada irinsa, ta naɗe yadinta ta koma.

Bayan kwana kaɗan Baba Sifana ya dawo daga gareji da gwangwanin madara a hannu, yana girgiza shi yana kaɗa kai kamar mai kiɗa. Zobban tagulla ne, ya wanke su da kananzir, ya sake wankewa da sabulu, suna ƙyalli. Ya ce tunda aiki ya tsallaka titi, to, kayan aiki ma su bi shi, ta miƙa wa Auta, ta kuma gaya mata kuɗinsa shi ne kada ta ƙara ce masa tsoho a gaban mutane. Yaya ta ce to. Da ya fita wanka, ta ɗora gwangwanin a saman kabad, ta tura shi baya, bayan ƙunshin tsofaffin rigunan.

Daga nan kwanakinta suka lalace. Kekenta yana fuskantar ƙofa, ƙofar kuma tana fuskantar gilashin Auta. Rigar farko ta kammalu, aka sa wa mutum-mutumi, da tattara a hannu da siririn aiki a wuya. Matan ikilisiya suka riƙa tsayawa suna kallo, waɗansu har su leƙo wurin Yaya su ce mata ta ga abin da ƙanwarta ta yi kuwa, ai yanzu ne za a yi baftisma mai kyan gani. Wata ma ta ce da ta san irin wannan na tafe da ta jinkirta tata baftismar. Yaya takan yi dariya tare da su. In sun tafi sai ta ga ta ɗinke aljihun wandon mutum a rufe, ko ta juya zif baibai, ita da ba a taɓa dawo mata da aiki ba.

Tana taka keke, zuciyarta tana zana mata ranar. Ga jama'a kewaye da kwami, ga waƙa, ga rigar Auta ta taso saman ruwa kamar laima. Waƙar ta yanke. Malama ta rufe baki da hannu. Sa'an nan idanu su soma juyawa ɗaya bayan ɗaya suna neman inda Yaya take tsaye, ita kuwa ba za ta ce komai ba, za ta sunkuyar da kai ne kawai irin na mai tawali'u. Takan maimaita wannan hoton har ta san kowane lungunsa. Abin lura shi ne, a cikin hoton duka, wadda ke sanye da rigar ba ta da fuska.

Addu'arta ta safe ma ta sauya. Ba ta daina ba, ta durƙusa a inda ta saba, ta buɗe Maganar Allah a inda ta tsaya. Amma ta lura tana saurin wuce duk wurin da ya yi zancen ƙauna tsakanin 'yan'uwa, tana daɗewa a wuraren da bayin Allah suke kuka a kan waɗanda suka manta da alherinsu. Ta riƙa gaya wa kanta cewa ba ta yi ƙarya ba, ba ta ɓata aikin kowa ba, ba a ma tambaye ta ba. Wanda ya karɓi aiki ai shi ya kamata ya san aikin. Baba Sifana ya tambaye ta sau ɗaya ko ta kai saƙon, ta ce tana sane. Ya dube ta, ya ce shi a sana'arsa, motar da ke cewa tana sane ita ce wadda birkinta ke tsinkewa a gangara.

Ana cikin haka, wata safiya wata mata da ake ce wa Mai Wanki ta shigo shagon. Mace ce mai jiki, mai ƙarancin magana, tana wanki da guga a gidajen mutane. Ba ta daɗe da soma zuwa majami'a ba, kullum a bencin baya take zama, kusa da ƙofa, mayafinta a rufe har wuya. Tana cikin waɗanda za a yi wa baftisma. Ta kawo siket a rage mata, amma bayan an gama awo ba ta tashi ba. Ta yi ta murza bakin mayafinta, har Yaya ta ajiye alli ta juyo.

A hankali matar ta faɗi abin da ke ranta. An taɓa yi mata aiki a asibiti, aka cire mata nono ɗaya, tabon ya tafi har hammata. Ban da likita da marigayin mijinta ba wanda ya taɓa gani. Ta ce ba ruwan take tsoro ba, ita da ruwa ai abokan sana'a ne. Idanun mutane take tsoro. Ta ce ta tsaya a baya ta kalli baftismar da ta wuce, ta ga mata sun shiga sun fito a rufe, shi ya ba ta ƙarfin hali ta ba da sunanta. Amma ta ga sabuwar rigar a gilashi, kuma ita mai wanki ce, ta san halin farin kaya a cikin baho, sai dai ba ta isa ta yi wa manya gyara ba. Ta ce wataƙila akwai wata dabara da maɗinka ke yi wadda ita ba ta sani ba.

"Yaya, ke kika san aikin nan. Ba za a ga jikina ba, ko?"

Yaya ta dubi hannuwan matar, duk sun tsattsage saboda sabulu. Yanzu wadda ke cikin rigar ta sami fuska.

"Ba za a gani ba, ƙanwata," in ji ta. "Ki kwantar da hankalinki."

Mai Wanki ta sauke ajiyar zuciya, ta yi godiya, ta tafi. Yaya ta zauna ƙafafunta a kan matakin keke ba ta taka ba. Wannan karon ba ta da abin kare kai. Abin da ta faɗa ƙarya ne ƙiri-ƙiri, sai dai in ita da kanta ta mai da shi gaskiya.

Ta ƙudurta za ta yi magana. Ta ɗauki ƙyallen da Auta ta bar mata, ta kulle shago, ta nufi majami'a, gama ta san a irin wannan lokaci Malama tana can tana duba shara da jerin kujeru. Tana tafiya tana shirya yadda za ta yi. Za ta nemi kofin ruwa, ta shimfiɗa ƙyallen a bayan hannunta, ta zuba. Ba sai ta yi dogon bayani ba. Malama za ta kira Fasto, Fasto ya kira dattawa, a aika a kira Auta. Wani zai ce ai da ma an bar aikin a hannun mai shi. Za a roƙe ta ta ceci ikilisiya daga kunya, ita kuma ta karɓa ba tare da gori ba. Ta ji ƙafarta ta yi sauƙi, ta ji ma kamar ta rera waƙa.

A bakin ƙofar majami'a ta tsaya. Wani daɗi ne ke yawo a bakinta, kuma ta gane shi. Shi ne daɗin nan da take ji a kan keke lokacin da take zana rigar da ta taso saman ruwa. Hoton bai sauya ba, an dai matso da shi daga bakin kwami zuwa ofishin Fasto, Auta tana tsaye a tsakiya kanta a ƙasa, idanu suna juyowa wurin Yaya. Magabcin da ya ce mata ta yi shiru, shi ne yanzu yake ce mata ta yi magana, kuma bukatarsa ɗaya ce a duka biyun. Ta tuna koyarwar Almasihu, cewa in akwai magana tsakaninka da ɗan'uwanka, wurinsa ake fara zuwa, ku biyu kaɗai. Ta sha koya wa 'yan mata wannan a ajin Lahadi. Ba ta taɓa sanin yana da ɗaci haka ba.

Malama ta hango ta daga ciki, ta taho tana tambaya ko lafiya. Yaya ta dunƙule ƙyallen a tafin hannu, ta ce ta zo da wata magana ne, amma ta gane ba a nan ya kamata ta fara ba. Malama ta dube ta ta saman tabarau, irin kallon da take yi wa ɗaliban da ba su gama aikin gida ba, amma ba ta matsa ba.

Yaya ta biya gida, ta taka kujera ta sauko da gwangwanin da ƙunshin tsofaffin rigunan. Tsallaka titin nan, da take yi ba tunani in za ta aro zare, ya yi mata tsawo. Ta tarar da Auta ita kaɗai tana guga, rigunan a jere a kan marataya, duk sun kusa kammaluwa. Ta ce a sakaya ƙofa, a kawo mata ruwa a roba. Auta ta kawo tana mamaki. Yaya ta zare riga ɗaya, ta zura hannunta cikin hannun rigar, ta tsoma a ruwan, ta ɗago. Yadin ya manne. Ana ganin jijiyoyin hannunta, da zoben aurenta, da tsohon tabon da dutsen guga ya bar mata a wuyan hannu. Sa'an nan ta saki ƙasan rigar a kan ruwan, ya baje ya tsaya a sama yana yawo.

Auta ta zauna a kan kujerar keke ba ta shirya ba. Ta daɗe tana kallon robar. Yaya ta kwance ƙunshin, ta juya ƙasan tsohuwar riga, ta farke kalmasar da tsinin almakashi, zobe ya faɗo a kan tebur yana juyi. Ta bayyana mata komai, ninki da kauri da nauyi, da tazarar da ake bari tsakanin zobe da zobe don kada rigar ta karkace.

"Shekarun nan duka ban sani ba," in ji Auta. Ta ɗauki zoben tana juya shi. Can ta ɗago. "Yaya, yaushe kika gane yadin nan ba zai yi ba?"

Ga wata ƙofar kuɓuta kuma a buɗe. Da ta ce yau ne, da Mai Wanki ta zo, ba wanda zai ƙaryata ta.

"Tun ranar da kika kawo shi," in ji Yaya. "Tun kafin in sake shi daga hannuna."

"Kika ce yana da kyau."

"Na ce. Kishi ne, Auta. Na so ki ji kunya a gaban mutane, domin a tuna da ni. Ba ni da wani suna da zan sa masa."

Auta ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce "ba komai" ba. Ta tashi ta ɗauki robar ta je ta zubar a bayan shago, ta daɗe a can fiye da yadda zubar da ruwa ke bukata. Da ta dawo idanunta sun yi ja. Ta ce da wata ce ta yi mata haka da ta san inda za ta ajiye shi, amma wadda ta goya ta, ba ta san inda za ta ajiye ba. Ta ce za ta yafe, gama an umarce ta, kuma tana so, amma kada Yaya ta sa ran a yau. Yaya ta ce ba ta sa ba. Sa'an nan Auta ta dubi marataya ta ce baftisma ta matso, ba ta ga yadda za a sake sayen yadi a sake yanka ba.

Yaya ta ce ba sai an sake ba, shafi za a yi musu daga ciki. Auta ta tambaya da wane yadi. Yaya ta ɗora hannu a kan ƙunshin.

Suka jiƙa tsofaffin rigunan, suka wanke, suka shanya a rana har farinsu ya ɗan dawo. Yaya da kanta ta sa musu almakashi. Ta san kowace ɗaya: wannan ta ɗinka tana da cikin ɗanta na fari, waccan a shekarar da suka binne mahaifinsu. Tana yanka tana jin kamar a jikinta ne. Auta ta ce ta kawo ta taya ta, Yaya ta ce a'a. Suka rufe shagunansu ga sauran aiki, daga hantsi har rana ta yi sanyi, Auta a kan keken lantarki tana haɗa shafi da riga, Yaya da allurar hannu tana kalmasa, tana ɗinke zobba ɗaya bayan ɗaya. Ga rigar Mai Wanki ta ƙara ninki a ƙirji, ta cusa ɗan auduga a gefe guda yadda ɓangarorin biyu za su daidaita, ba ta gaya wa Auta dalili ba, Auta kuma ba ta tambaya ba. Magana kaɗan suke yi, yawancinta ta zare da awo. Baba Sifana ya leƙo wata rana da yamma, ya ga gwangwaninsa a buɗe a kan teburin Auta, ya ce ashe saƙo ya iso, lallai titin nan ya ƙara faɗi tunda ƙaramin gwangwani ya kwana a hanya haka. Auta ta ce tsoho ya wuce ya ba mutane wuri. Wannan ce dariyar farko da aka yi a shagon.

Da aka kusa gamawa, Auta ta ce za ta gaya wa Malama cewa aikin na su biyu ne. Yaya ta ce kada ta yi, gama in aka tambayi dalili, sai an tona yadin, kuma aikin na Auta ne, ita aka ba. Ta faɗi haka da zuciya ɗaya, ta kuma ji daɗin faɗinsa.

Ranar baftisma jama'a suka kewaye kwamin. Yaya ta tsaya a gefen matakala da tawul a hannu. Da aka zo kan Mai Wanki, matar ta fito daga ɗakin sauya kaya, ta nemi idon Yaya, Yaya ta gyaɗa mata kai. Ta taka matakala ta fari, ta biyu. Ƙasan rigar ya taɓa ruwa, ya nutse a miƙe, ya bi ƙafafunta har ƙasa. Fasto ya nutsar da ita cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya ɗago ta. Ruwa na zuba daga rigar, tana sheƙi a rana, ba a ganin komai sai fari. Mai Wanki ta dubi ƙirjinta sau ɗaya, sa'an nan ta ɗaga fuska, ta buɗe baki ta kama waƙar da ake yi, ita da ba a taɓa jin muryarta a majami'a ba.

Bayan an gama, Malama ta kira Auta gaban jama'a, ta riƙe hannunta, ta ce tunda aka kafa ikilisiyar nan ba a taɓa ganin riguna masu kyau da mutunci irin waɗannan ba. Aka yi tafi mai tsawo. Yaya ta ji kishin nan ya sake tasowa daga cikinta, da zafinsa kamar ranar sanarwa, bai ragu ko kaɗan ba. Ta yi da-na-sanin hana Auta magana. Har ta ji bakinta yana shirya kalma ɗaya da za ta jefa wa matar da ke kusa da ita, wai ai kyan riga daga ciki yake. Ta rufe bakin. Ta ce a zuciyarta, Ya Ubangiji, ga shi nan kuma, ban iya kashe shi ba, Kai ka riƙe ni. Sa'an nan ta ajiye tawul ɗin a kafaɗa ta tafa tare da mutane, tafin da ya fi kowane ɗinki da ta taɓa yi wuya.

Jama'a suka watse zuwa cikin majami'a. Jiƙaƙƙun rigunan suna tare a babban baho a bayan ɗakin sauya kaya, kuma ba a taɓa sanya kowa ya matse su ba, gama tun farko Yaya ke yi ita kaɗai. Ta naɗe hannun rigarta ta ɗago ta farko. Ta yi nauyi ƙwarai, yadi biyu cike da ruwa, zobba suna bugun bakin baho. Tana kokawa da ita sai ta ji an kama ɗaya gefen. Auta ce, da kayanta na ado, ta cire takalmi ta ajiye a kan dakali.

"Ki juya dama, Yaya, ni in juya hagu," in ji ta.

Suka murɗa, ruwan ya zubo a kan ƙafafunsu.